Shekarar da Na Koyi Tauna Tuwo

'Ya'yana, na san akwai wata magana da kuka daɗe kuna ji a kaina kuna haɗiyewa saboda kunyar idona. Maryam ta taɓa dawowa daga gidan biki a Fagge idanunta jawur, na tambaye ta, ta ce kanta ne yake ciwo. Ƙarya take yi, kuma na san abin da aka yaɓa mata: wai uwarku ta kwaso ciwon zamani a China, kuɗi ne kawai suka rufa mata asiri. To yau zan warware muku, tunda na tsufa, kunyar ma ta gaji da ni ta kama gabanta. Ban taɓa yin kanjamau ba. Ciki aka rage mini, da sanina da yardar babanku, a wani asibiti a Guangzhou. Abin da ya biyo bayan aikin ne ya haifi wannan magana, kuma shi nake so ku ji daga bakina.

A lokacin kuna Kano wajen kakarku Inna kuna makaranta. Ni da babanku muna unguwar Sanyuanli a Guangzhou, can ƙololuwar wani tsohon bene wanda ba shi da lif. Shi yana harkar kago, yana tattara kayan 'yan kasuwa ya kai filin jirgin Baiyun a ɗora zuwa gida. Ni kuma ina sauke baƙi mata. Sau biyu a shekara, idan lokacin babban baje kolin Liuhua ya zo, gidana cika yake yi da hajiyoyin Kantin Kwari da na Maraɗi, har da na zangon Kumasi, katifu har bakin kicin. Kada ku ɗauka katifar ce take kawo su, otal sun fi ni katifa. Tire ne yake kawo su. A ƙasar da kowace tukunya kake zargin alade ya bi ta cikinta, mace ta wuni tana ciniki da kalkuleta da nuni da yatsa, ta dawo ta tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka tana tururi, ai kamar an mai da ita ɗakin uwarta ne. Su suke zuwa mini da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙasan akwati, ni kuma in tuƙa. Tire ɗaya muke zagayewa, hannu kowa a ciki, ina tsakiya, domin mai masauki ba ta barin baƙi su ci su kaɗai. Ni kuwa ina ci kamar Allah ya aiko ni.

Ƙibata ba sai na ba ku labari ba, hotunan suna nan. In na tsayar da tasi, direba ya leƙo ya ƙare mini kallo, sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu, ya ja motarsa. Tsofaffin matan unguwa sukan taɓa damtsena suna dariya. In na zo Kano kuwa sai a yi ta cewa Hajiya an ji daɗi, China ta karɓe ki, Alhaji ya iya kiwo. Ni kaɗai na san abin da nake ɗauke da shi. Suga ta kama ni, hawan jini ya biyo ta, gwiwoyina suka ce sun gaji. Salla a kan kujera nake yi, na daɗe rabon goshina da ƙasa. Benen nan sai na huta a kowane hawa kamar mai naƙuda. Sai kuma wani ɗan ƙurji ya fito mini a babban yatsan ƙafa, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ya ƙi warkewa, ya fara baƙi.

Likitar da ta duba ni wata 'yar firit ce, in na zauna a kanta an gama. Ta bakin mai fassara ta ce mini ƙafar za a iya cetonta yanzu, amma in jikin nan bai ragu ba, wata rana ba yatsa kaɗai za a yanke ba. Ta zana mini tumbi a takarda, ta ja layi, ta nuna ɗan guntun da za a bar mini. Na ce mata wannan ai ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Mai fassara ya faɗa mata, ba ta ko murmusa ba. Sai da muka hau tasi sannan babanku ya ce:

"In dai don rai ne, a yi. Amma Hajiya, kada kowa ya ji. Inna ba za ta iya ɗaukar wannan labari ba, mutanenmu kuma kin san bakinsu. Cewa za su yi kin raina halittar Allah, kin kai kanki an yanka don kwalliya."

Na yarda da shi, don ni ma ba na son a zauna a tsakar gida ana lissafa waɗanda suka ga cikina a buɗe. Muka bari sai da baƙin bazara suka watse, gida ya koma ni da shi, sannan aka yi. Ba ma wani babban yanka ba ne, 'yan huda ne ƙanana a fatar ciki. Na farka da ƙishin da ban taɓa jin irinsa ba, aka ba ni ruwa a cokalin shayi. Na harari nas ɗin, na ce Allah ya isa da Hausa, ta ce mini sannu da yarensu.

Kai, 'ya'yan nan, cin abinci sabo na koya, da girmana. Da farko ruwan romo ne tsararo. Daga nan koko mai ruwa-ruwa ba sukari, sai kunun shinkafar nan na 'yan China wanda ba ya da ɗanɗanon komai. Da aka ɗan jima aka yarje mini ƙwai da aka dafa da tururi, da kifi marar ƙaya, da awara. Ranar da likita ta rubuta mini awara a matsayin magani na yi dariya har ɗinkin ya yi zafi, abin da yara suke soyawa a bakin titi a Kano. Kwanona ya zama ɗan finjalin shayinsu, kuma in na cinye shi sai in ji kamar na tashi daga walima. Ba a shan ruwa a kan abinci, sai an jima. Ranar da na yi taurin kai na kurɓi lemon kwalba, gumi ya karyo mini, zuciyata ta dinga bugawa kamar za ta faso ƙirji, na kwanta a daɓen kicin ina salati. Ban sake ba. Gashina ya yi ta zuba a mataji, ga ƙwayoyin ƙarin jini da nake sha har yau. Dokar da ta fi kowace wuya kuwa ita ce tauna. Komai sai an tauna shi ya zama ruwa, har tuwo. Ku faɗa mini, wane Bahaushe ne yake tauna tuwo? Yanka loma ake yi, a dangwali miya, a tura. Na kan kulle ƙofa in zauna ina tauna shi ni kaɗai kamar akuya, ina jin kunyar bango.

Amma fa na samu sauƙi, sauƙin da ban zata ba. Suga ta sauka, yatsa ya warke ya bar ɗan tabo. Wata rana na hawo benen da ledar kifi a hannu, sai da na sa makulli a ƙofa na tuna ban tsaya ko sau ɗaya ba. Wata asuba kuma na ture kujerar salla gefe, na ce bari in gwada. Goshina ya taɓa darduma. Wallahi na kasa ɗagowa, kuka nake yi, babanku yana tsaye a bayana ya ɗauka faɗuwa na yi. Zannuwana suka koma zagaye ni sau biyu da rabi, zobe ya dinga suɓucewa. Ni murna nake yi, ban tsaya na kalli kaina da idon wanda ya rabu da ni ina cika ƙofa ba.

Sai ga baƙin kaka sun sauka. A cikinsu akwai Hajiya Rabi, aminiyata tun muna amare a layi ɗaya a Fagge, mai sayar da mayafai, mace mai baki kamar reza da zuciya fara fat. Ita ta yi mini wankan jego na fari. Na buɗe mata ƙofa da murnata, ta yi mini sallama tana leƙen bayana, ni take nema. Da ta gane ni ce, jakar hannunta ta faɗi.

"Innalillahi! Asabe, me ya cinye ki?"

"Lafiyata ƙalau, Yaya Rabi. Suga nake kiyayewa."

Ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Amma na ga yadda ta kalli wuyana da gashin da ya leƙo ta ƙasan ɗankwali.

Da yamma na tuƙa tuwo, na kaɗa kukar da suka kawo, aka zagaye tire kamar kullum. Na gutsuri ɗan mitsitsi na sa a baki ina juya shi a hankali, ina fatan hira ta ɗauke musu hankali. Ina! Wata 'yar Maraɗi, mai ido kamar na shaho, ta tsayar da hannunta.

"Hajiya, tamna tuwo kike?"

Duk suka juyo. Kunya ta rufe ni, zuciya kuma ta ɗebe ni, kun dai san halina. Na ce a raina yau zan nuna musu ni ce dai Asaben da suka sani. Na yanko loma irin ta da, na dangwali miya, na tura. Ta tsaya mini a ƙirji kamar dutse, ba gaba ba baya. Yawu ya cika mini baki, idanuna suka firfito. Na tashi da gudu na faɗa banɗaki, kuma bangon gidajen nan kamar kwali yake, babu kakarin da ba su ji ba. Da na wanke fuska na fito, kowace ta tsame hannunta, tuwo ko rabi ba a ci ba. Wata ta ce ai gajiyar jirgi ce ta hana su ci. Babu wadda ta kalle ni.

Ku tuna wane zamani nake faɗa muku. Yanzu yaro ma ya san ba a ɗaukar kanjamau ta kwano ko ta kofi. A lokacin mu dai abin da muka sani shi ne mutum ya rame farat ɗaya, gashi ya zube, abinci ya ƙi zama, to a fara yi masa addu'a daga nesa. Ga ni kuma matar ɗan kago a ƙasar waje. Duk alamun sun cika, ni da kaina na kammala musu da lomar nan.

Washegari aka nemi in zuba wa kowa a faranti, wai tire yana ɓata lokaci. Daga nan na ga cokula sun fito daga jakunkuna. Na shiga kicin na tarar da wata tana ƙona kofi da tafasasshen ruwa, ta gan ni ta ce wai ƙura ce. Sai aka koma ana dawowa daga kasuwa a ƙoshe, an biya shagon taliyar Musulmin China masu fararen huluna. In tuƙa tuwo, ya huce, ya yi ɓawo, in juye a shara. Biyu suka kwashe kayansu suka koma otal kusa da tashar jirgin ƙasa, wai ya fi kusa da kasuwa. Babanku ya dawo wata rana fuska a murtuke, ya ce wani wanda ya shekara goma yana ba shi kaya ya noƙe hannu da ya miƙa masa.

"Hajiya, na janye maganata. Ki tara su ki faɗa musu."

"Wallahi ba zan faɗa ba. Matan da suka ci tuwona shekara da shekaru, a rasa mai buɗe baki ta ce Asabe mene ne? Sun yanke mini hukunci sun gama, ni ce zan bi su ina ɗaga riga? Su tafi, Allah ya raka taki gona."

Baki ne kawai. Gidan nan da tiren nan su ne sunana a garin, ina kallo suna zamewa daga hannuna. Kuma duk cikinsu babu wadda shirunta ya ci mini rai kamar Rabi. Ba ta tashi daga gidan ba, amma ita ma a waje take ci, in mun haɗu a ƙofa sai ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi. Na ce a raina shi ke nan, har ke.

Wata rana bayan azahar, duk sun fita kasuwa, ina zaune a daɓen ɗakina da ɗan finjalina. Ƙwai ne da awara, na ci rabi, na lashe cokalin na ajiye a ciki ina jiran ya sauka. Sai aka turo ƙofa. Rabi ce, ashe ba ta fita ba. Ta mai da ƙofar ta rufe, ta zo ta zauna daf da ni har gwiwarmu tana gugar juna. Ta miƙa hannu ta ɗauki finjalin, ta ɗauki cokalin nan da na lashe, ta ɗebo. Leɓɓanta suna motsi. Ta kai baki ta haɗiye, ta sake ɗebowa ta haɗiye, sannan ta dube ni ido cikin ido, hawaye yana bin kuncinta.

"Asabe, kwana da kwanaki ina faɗa da zuciyata, na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ko me Allah ya ɗora miki, ba zan tambaye ki inda kika samo shi ba. Amma ni da ke ba a raba mana kwano ba tun muna amare, ba kuma a China za a fara ba."

Duk fushin da na tara ya bi iska. Na kama bakin rigata na ɗaga har ƙirji, abin da na rantse ba zan yi wa kowa ba, na nuna mata 'yan tabon nan. Na ba ta labari tun daga yatsa har zuwa ɗan guntun tumbin da aka bar mini. Ta sa yatsa ta taɓa tabon ɗaya bayan ɗaya, baki a sake. Can sai ta ɗaga hannu ta ɗaɗa mini duka a cinya, irin wanda ake yi wa yaro.

"Amma ke dai an yi 'yar banza! Ke da ƙafarki kika kai cikin aka datse? Kika bar ni ina kuka a banɗaki ina tunanin wa zai riƙe miki 'ya'ya?"

"To ai ba ki tambaya ba."

"Ana tambayar wannan? Tashi ki ba ni wuri! Kuma wannan abin da kike ci ko gishiri babu, tir."

Muka rungume juna muna dariya muna kuka, har maƙwabciyarmu ta buga bango.

Da yamma Rabi da kanta ta shiga kicin ta tuƙa tuwo, ta juye a tire ɗaya, ta kwashe farantan nan ta tura ƙarƙashin gado. Da matan suka dawo ta tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ta zazzage musu labarin tas, ta haɗa da abin da ban ce ba. Ta ce duk mai shakka ta zo ga ciki nan a buɗe mata, mai cokali a jaka kuma ta fito da shi ta ba ta ajiya. Sai 'yar Maraɗin nan ta fara matsowa tana cewa Hajiya ki gafarce mu. Na zauna a tsakiya na gutsuri ɗan mitsitsina, na tauna shi a gaban kowa, a hankali, ba tare da na sunkuyar da kai ba. Suka yi ta yi mini tsiya, wai Asabe ta zama Baturiya. Ban taɓa jin daɗin tsiya kamar ta ranar ba.

Ba duka aka gyara ba. Biyun da suka koma otal sun riga sun buga waya gida, magana ta riga gaskiya sauka a Kano, kuma ita ce ta yi ta yawo har ta iso kunnenku. Dole na kira Inna na faɗa mata komai, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Wasu baƙin ba su sake sauka a gidana ba, ina jin kunyar haɗa ido da ni ce ta hana su. Ni kuma har gobe in an yi layya tsoka ɗaya ce rabona, fura sai dai in ɗanɗana, a gidan biki a yi ta cewa Hajiya ba kya cin abincin mutane. Na ji, na ɗauka. Da ƙafafuna biyu nake zuwa bikin, kuma na ga auren kowannenku.

Ranar da baƙin za su koma, na raka Rabi filin jirgin Baiyun. Muna tsaye a layin awon kaya, abin ya faɗo mini a rai, na ce:

"Yaya Rabi, ranar nan da kika ɗauki cokalina, na ga bakinki yana motsi. Bisimilla kike yi?"

"Wace bisimilla? Kalmar shahada nake yi. Ni a zatona daga wannan cokalin shi ke nan, na bi ki."

"Kuma kika haɗiye?"

Ta gyara mayafinta, ta tura akwatinta gaba da ƙafa, ta harare ni.

"To da a gabanki zan tofar?"